Yadda Ake Ajiye Kwafin Fayiloli Da Dawo Da Su Idan Kwamfuta Ta Lalace

Kwamfuta ba ta yin sallama in za ta mutu. Wata safiya za ka danna maɓalli ta ƙi tashi, ko ruwa ya zube mata, ko ɓarawo ya yi gaba da ita. Ita kwamfutar ana sayen wata, amma hotunan iyali da rubutun da ka kwana kana yi, babu kasuwar da ake sayar da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin nan tun kwamfutar na da lafiya ake yin sa.

Da farko, ka raba kayan gida biyu. Akwai fayilolinka: takardu, hotuna, bidiyo. Akwai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, Windows ko macOS. Manhaja ana sake sauke ta, saboda haka fayilolinka za ka fara ba wa muhimmanci.

Na biyu, ka samu faifan ajiya na waje mai kebul ɗin USB, wanda girmansa ya ninka abin da kake son ajiyewa aƙalla sau biyu. Ban yarda a dogara da ɗan filashi ba, ɓacewarsa ba wuya, mutuwarsa ma haka. Idan Windows gare ka, jona faifan, ka buɗe Control Panel, ka shiga File History, ka danna Turn on. Tun Windows 8 a 2012 ake da wannan tsari, kuma duk bayan awa ɗaya yake kwafe abin da ya canza a Documents, Pictures, Music, Videos da Desktop. Fayil ɗin da ka ɓoye a wani lungu daban ba zai shiga ba sai ka saka shi cikin waɗannan wurare. Masu Mac kuwa Time Machine ke gare su tun 2007: System Settings, sai General, sai Time Machine, ka zaɓi faifan. Yana riƙe kwafin kowace awa na yini guda, na kullum na wata guda, da na mako-mako na watannin baya har faifan ya cika.

Na uku, kwafi ɗaya ya kwana a wani wuri. Masana na da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a nesa da gida. Dalili a fili yake, gobarar da ta ci kwamfuta ba za ta bar faifan da ke gefenta ba. Rumbun intanet, wato ma'ajiyar kamfanoni da ake tura fayiloli ta intanet, ya isa wannan aiki. Google na ba da 15GB kyauta, OneDrive da iCloud kuma 5GB kowanne.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, kuma abin na damuna. Folda da ke haɗe da rumbun intanet madubi ce kawai. Ka goge fayil a kwamfuta, can ma ya goge. Google Drive kwana 30 yake riƙe abin da aka jefa kwandon shara, daga nan ya tafi ke nan. Shi ya sa rumbun intanet ba ya maye gurbin faifan waje, tare suke aiki. Shi ma faifan, kada ka bar shi a jone dare da rana. Manhajar garkuwa da fayiloli, irin WannaCry da ta addabi ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, tana kulle duk faifan da ta tarar a jone. Ka ware rana guda a mako, ka jona, ya gama, ka cire.

Na huɗu, tanadin ita kanta Windows. Rubuta Recovery Drive a wurin bincike na Windows, ka sa filashi mai 16GB ko fiye; da shi za ka tayar da kwamfutar in ta ƙi tashi. Za a share duk abin da ke kansa, don haka ya zama fanko. In kana son kwafin kwamfutar dungurungum, har da manhajojin da ka ɗora, sashen Backup and Restore na Control Panel na da Create a system image. Idan kuma an kulle faifanka da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, nemo mabuɗinsa mai lamba 48, galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda ka adana. In babu shi, ko ƙwararre ba zai buɗe maka faifan ba. Wani tsari mai suna System Restore kuwa, saitin Windows kaɗai yake gyarawa, ba ya dawo da takardar da ta ɓace.

Na biyar, dawo da kaya. Kada ka jira ranar masifa, gwada yau. Ƙirƙiri wata takarda, ka bari a kwafe ta, ka goge ta. Koma File History, danna Restore personal files, ka ja baya zuwa ranar da kake so, ka danna koren maɓalli. A Mac, buɗe Time Machine, zaɓi fayil ɗin, danna Restore. Buɗe takardar ka tabbatar tana karantuwa.

Idan kwamfutar ce ta ƙi tashi ɗungum, tayar da ita daga filashin Recovery Drive ɗin nan, ka bi Troubleshoot, Advanced options, System Image Recovery, ka nuna mata faifan wajen da ka ajiye system image a kai. Sabuwar Mac kuma Migration Assistant zai kwaso mata komai daga Time Machine. Amma in ka ji faifan ciki yana ƙara ƙyas-ƙyas alhali akwai abin da ba ka kwafe ba, kashe kwamfutar nan take, kada ka ɗora mata komai, ka kai ta wurin mai ceto bayanai.