Majigi da rawa a dare ɗaya: kurakuran da ke ɓata taro

Tun 1966 Andy Warhol, mai fasahar zane da fim ɗan Amurka, ya gwada wannan haɗin a New York: fina-finansa suna haskawa a bango, makaɗan Velvet Underground suna kiɗa, masu rawa a gabansu. Har yau ƙungiyoyin matasa masu fasaha daga Berlin zuwa Kampala suna bin sawunsa, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne a ɗauko bidiyon da aka shirya don ɗakin baje koli, mai dogon labari da rubutu a ƙasa, a haska shi a filin rawa. Mai rawa ba ya tsayawa karatu. Zai ɗaga kai, ya ƙyalla ido, ya koma kan abinsa. A yanka hoton gajere-gajere mai maimaituwa, da manyan siffofin da ido zai kama nan take, sannan mai kula da hoto ya zauna kusa da DJ su riƙa bin bugu ɗaya. In marubucin labarin ya ƙi a taɓa masa aiki, a ba shi wani ɗaki da kujeru. Ya fi masa mutunci.

Sai rigimar fitila. Majigi ba ya iya haska baƙi. Baƙin da kake gani a hoto duhun bangon ne kawai. Da mai fitila ya kunna jan haske kusa da allo, hoton ya dusashe. A juya fitilu su kalli ƙasa, a rage injin hayaki, kuma a yi gwajin da daddare.

Wayar HDMI, wadda ke kai hoto zuwa majigi, in ta wuce kamar mita 15 takan fara yanke hoto. A nemi SDI, wata wayar hoto da ke jure nisa. In da janareto ake aiki, a sa wa majigi UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, don ɗaukewar wuta kwatsam na rage wa ƙwansa kwana.

Akwai wanda ba na wasa ba: walƙiyar da ta wuce sau uku a sakan ɗaya tana iya tayar wa wasu farfaɗiya. A rage ta, a kuma manna sanarwa a bakin ƙofa.

Masu wasan kwaikwayo su ma da nasu laifin. Rawa ta yi zafi, sai a kashe kiɗa don wani ya yi minti ashirin yana tafiyar hawainiya. Ai rabin jama'a waje za su yi! Ko dai a gabatar da wasan tun farkon dare, ko ɗan wasan ya kutsa cikin taro kiɗa na tafiya.

Hukuma da maƙwabta kuwa, a neme su tun da wuri. Bikin kiɗa na Nyege Nyege da aka fara a Jinja ta Uganda a 2015 ya sha barazanar haramci a 2018 da 2022, duk da dai an yi shi daga baya. Ƙaramar ƙungiya ba ta da masu tsaya mata haka, don haka takardar izini ta kasance a hannu kafin a biya kuɗin hayar wuri.