Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen binciken furotin da madubin likita a Damagaram

Yawancin takardun da ɗalibanmu ke bi wajen gwaji an rubuta su ne a Faransa ko Amurka. Idan takarda ta ce a bar ruwan gwaji a yanayin ɗaki, ɗakin da ke tsakanin digiri 20 da 25 take nufi. Mu kuwa a Damagaram, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura 40, kuma idan wuta ta ɗauke, ɗakin bincike ba ya daɗewa bai bi sahu ba. Sai ɗalibi ya zo yana cewa, "Malam, na'urar nan ba ta da kyau." Sau da yawa lafiyar na'urar ƙalau. Zafi da ƙura da ɗaukewar wuta ne suka shiga cikin gwajin, kuma ba wanda ya rubuta su.

Mu fara da ruwan da ake ajiye furotin a ciki. Tris, wanda kusan kowa ke amfani da shi, yana sauya pH (ma'aunin tsamin ruwa) da zafi: duk digiri ɗaya da aka hau, yana sauka da kusan 0.03. Wanda ya daidaita shi a 7.4 da sanyin safiya a digiri 25, idan ya yi aiki da shi a 40, yana aiki ne a wajen 7.0 bai sani ba. Gyaran ba shi da tsada. A daidaita pH a zafin da za a yi aikin, a rataya ma'aunin zafi kusa da teburi, a rubuta abin da ya nuna a kowane shafi na littafin gwaji. Ruwan fosfat bai cika motsi da zafi ba, amma shi ma yana da nasa hali: fosfat na sodiyam yana yin tsami sosai idan ya daskare.

Inda abin ya fi ciwo shi ne binciken sikila, cutar da babu unguwar da ba ta san ta ba a ƙasar nan. Tushenta ɗan ƙarami ne. A gurbi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini, wani tubalin furotin mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamat, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Kambirij a 1957. Idan iskar oksijin ta bar irin wannan himogulobin, sai ƙwayoyinsa su riƙa manne wa juna suna yin doguwar igiya mai zare 14, ita ce ke lanƙwasa jar ƙwayar jini. Amma igiyar ba ta fitowa nan take. Akwai ɗan jinkiri, kuma a 1974 Hofrichter da Ross da Eaton suka nuna cewa jinkirin nan yana bin kaurin himogulobin ta hanya mai ban mamaki, kamar a ninka kaurin da kansa wajen sau 30. Ma'ana, idan kauri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kawai, jinkirin zai gajarta kusan sau 17. Ku tuna da hunturun Damagaram, lokacin da leɓe ke tsagewa. Ɗigon da aka bari a buɗe kan gilashi na ƴan mintuna ya riga ya rasa ruwa, kaurinsa ya hau, kuma sakamakon da za a samu ba na jinin da aka ɗiba ba ne. A rufe kowane bututu, a shirya komai kafin a ɗiga.

Akwai kuma wani kuskuren tunani da nake yawan ji. Ɗalibi yakan ɗauka sanyi ne ke daskarar da himogulobin na sikila, kamar man shanu. Akasin haka ne: a bututun gwaji zafi ne ke hanzarta haɗuwar igiyoyin, kuma idan aka sa bututun a ƙanƙara sai daskararren ya narke. Don haka gwajin safe da na azahar ba ɗaya ba ne, ba a zuba su a jadawali guda sai dai idan a ruwan wanka mai tsayayyen zafi aka yi su, misali digiri 37.

Gwajin Emmel na gano sikila, wanda aka saba da shi a asibitocinmu, shi ma yana shan wahala a hannun masu gaggawa. Ruwan metabisulfit na kashi 2 cikin 100 a ranar ake haɗa shi, domin na jiya ya riga ya sha iska ya rasa ƙarfi. Dole a toshe gefen ƙaramin gilashin rufi da basilin ta yadda iska ba za ta shiga ba. Jinin jaririn da bai kai wata 6 ba yana iya ƙin nunawa saboda yawan himogulobin F, irin na ɗan tayi, haka ma na wanda aka ƙara wa jini kwanan nan. Babban kuskuren dai shi ne a rubuta "SS" don kawai an ga ƙwayoyi sun lanƙwashe. Gwajin nan ba ya raba AS da SS. Sai an yi elektoroforesis, gwajin da ke raba nau'o'in himogulobin da lantarki. Bayan wannan takardar akwai iyali, wani lokaci ma akwai maganar aure, don haka ba wurin zato ba ne.

Wajen auna yawan furotin da haske, abubuwa biyu ke kayar da mutane. A haske mai tsawon zango nanomita 280 gilashi da roba na yau da kullum suna shanye hasken, sai ƙaramin kofin kwaz ne ke aiki. Sannan idan adadin da na'ura ta nuna ya wuce 1 da nisa, a tsarma ruwan a sake aunawa. Ƙurar hazo tana warwatsa haske, na'ura kuma ta ƙirga ta a matsayin furotin. Ga furotin marar launi, a duba a 340: idan akwai abin a-zo-a-gani a can, to ko ƙura ce ko furotin ya dunƙule, sai a tace. Himogulobin kuwa da ruwan Drabkin ake auna shi, a 540.

Firigo. Furotin da ya narke ya sake daskarewa sau da dama ya tashi daga aiki, ko da ido bai ga komai ba. A raba shi ƙananan bututu, kowanne na aiki ɗaya. A daskarar da ruwa a ɗan kofi, a ɗora dala ɗaya a samansa, a bar shi a ciki. Duk safiyar da aka tarar da dalar a ƙasan kofi, an san wuta ta ɗauke da dare har ƙanƙarar ta narke. Jinin da za a duba siffar ƙwayoyinsa kuwa ba a daskarar da shi ko kaɗan, fashewa suke yi.

Sai madubi. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa madubin haske ba ya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza wajen nanomita 200. Igiyar sikila faɗinta wajen nanomita 21 ne. Saboda haka wanda ya rubuta a kundinsa cewa ya ga igiyoyin da madubin ɗakin karatu, siffar ƙwayar ya gani, kuma haka ya kamata ya rubuta. Man madubi na idon da ke ninka hoto sau 100 ne kaɗai. Idan ya taɓa idon 40 ya bushe a kai, hoto ya dushe ke nan har sai an wanke. Kafin a zargi madubi a daidaita haskensa bisa tsarin da August Köhler ya fitar a 1893, aikin minti biyu ne.

Ɗaukar hoto da waya ta bakin madubi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi ta zubar da ƙananan bayanai. A tura shi a matsayin fayil, a adana na asali ba tare da an taɓa shi ba. Kowane hoto ya zo da layin ma'auni a kusurwarsa, domin "ninki 400" ba ya nufin komai da zarar an faɗaɗa hoton a allo. Manhajar ImageJ kyauta ce, tana yin wannan aikin.

Masu aunawa ta cikin fata su ma su lura. Ƴar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana aiki ne da haske biyu, na nanomita 660 da na 940, kuma launin fata yana shanye wani ɓangare na hasken. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan sau uku bisa na fararen fata. Lalle da jan farce su ma suna iya shiga tsakani. Duk wanda zai gina kundinsa kan wannan na'ura a Damagaram, ya rubuta wane yatsa ya auna, akwai lalle ko babu, kuma a wasu daga cikin marasa lafiyar ya gwada adadin da na jinin jijiya idan akwai hali.