Ka gama rubuta labarin, to sai me? Hanyar fitar da littafin farko ga marubuci Kirista

'Yan'uwa barkanmu. Wannan bayanin na masu labarin ƙirƙira ne wanda bangaskiyar Kirista ke gudana a cikinsa, labarin yana nan kwance cikin kwamfuta ko waya, kullum ana cewa gobe gobe, kuma ba a san ta ina ake bi ba har ya zama littafin da mutum zai riƙe a hannu. Ni na bi hanyar nan, na faɗa rami ba ɗaya ba ba biyu ba, bari in nuna muku inda ramukan suke. Ina cewa "ka" ne dan sauƙin magana, 'yan'uwa mata da ku nake, ai ma kun fi mu yawa a harkar.

Abu na farko kam ka gama labarin. Kar ka yi dariya, mutane da yawa suna da babi uku kacal amma sun riga sun fara neman wanda zai zana bango. A labarin ƙirƙira ba kamfanin da zai saurari sabon marubuci sai littafin ya kammala daga farko har ƙarshe. Tsawon da aka saba gani a littafin manya shine kalmomi 70,000 zuwa 90,000, labarin soyayya gajere kuma yana tsayawa wajen 55,000. In ka gama sai ka rufe shi ka ajiye kamar wata ɗaya ko sati shida, kar ka leƙa, in ka dawo zaka karanta shi da idon baƙo, kuma zaka sha mamakin abun da hannunka ya rubuta.

Yanzu ga inda nake so mu zauna kaɗan, dan nan ne mu Kirista muka fi tuntuɓe. Mun iya wa'azi, tun muna yara muke jinsa, to sai mu ɗauki wa'azin mu saka masa riga da wando mu ce labari ne. Jarumar bata taɓa kuskure ba, mugun kuma mugu ne tun daga shafi na farko ba dalili, sai a babi na ashirin fasto ya shigo ya yi magana shafi huɗu ba wanda ya katse shi, kowa ya fashe da kuka ya tuba, shikenan an gama. Mai karatu ba wawa bane, tun babi na biyu ya hango inda ka dosa kuma ya ajiye littafin. Ka tuna yadda annabi Natan ya yi da sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12, bai shiga fada yana lissafa masa dokokin da ya karya ba, labari ya bashi na wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya da wani mai arziki ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa, Dawuda ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan ne Natan ya ce masa ai kai ne mutumin. Labarin ne ya yi aikin. Haka misalin ɗan nan da ya ɓace a Luka 15, an bar mu a bakin ƙofa uban yana lallashin babban ɗan, ba a ma faɗa mana ko ya shiga gidan ba. Ubangiji da kansa ya bar ƙarshen labari a buɗe, mu kuma sai mun ɗaure komai tamau.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ka nemo duk inda wani a labarin ya yi magana fiye da rabin shafi ba tsayawa, ka tambayi kanka wa yake yi wa maganar, mutumin da ke gabansa ko mai karatu? In mai karatu ne, yanke. Ka bar jarumarka ta yi fushi da Allah in yanayin ya kai haka, ai Zabura cike take da irin wannan kukan. Ka bar wata addu'ar ba amsa har ƙarshen littafin.

Sai kuma maganar nan da na sha ji, ni ma na taɓa faɗa: "Allah ne ya bani labarin nan, ba wanda zai taɓa min shi." To ɗan'uwa, mai yiwuwa shi ya baka, bana musu, amma bai baka da waƙafi da aya a inda suka dace ba, kuma ba shi ya sa ka canja wa jarumi suna a babi na tara ba ka sani ba. Luka ma a farkon bishararsa ya ce sai da ya bi diddigin komai tun daga tushe kafin ya rubuta bi da bi. In shi ya yi bincike ya tsara, waye ni da zan ce daftarina na farko ya fi ƙarfin gyara.

Dan haka ka nemi masu karanta maka, mutum uku zuwa biyar, kuma dan Allah ba mamarka ba, ba wanda yake jin nauyinka ba. Ka nemi masu karanta irin labarin da ka rubuta, ka basu tambayoyi takamaimai, a ina ka gaji, wane mutum ne baka yarda da shi ba, a ina ka daina ganewa. In zai yiwu ka sa wanda ba Kirista ba a cikinsu, shi zai nuna maka inda ka cika kalmomin coci da sai ɗan gida ke ganewa. Mutum ɗaya kuma wanda ya san tauhidi ya duba maka koyarwar, amma ka gaya masa koyarwa kawai zai duba, in ba haka ba zai maida maka littafin darasin nazarin Littafi Mai Tsarki. Bayan su sai edita, kuma gyara hawa hawa ne: akwai mai duba ginin labarin gaba ɗaya, akwai mai gyaran jimla, akwai mai farautar kurakuran rubutu a ƙarshe. Kar ka fara da na ƙarshen, asara ce ka goge babin da gobe za a cire shi.

To labari ya gyaru, hanya ta rabu biyu.

Ta farko ita ce kamfanin wallafa ya ɗauki littafinka, shi zai biya edita da mai zanen bango da bugu da rabawa, kai baka biyan ko sisi, wani lokacin ma su baka kafin alƙalami, daga baya a cire shi daga kason da kake samu a kowane kwafi, sai ya cike sannan ka fara ganin sabon kuɗi. In da Turanci ka rubuta, manyan gidajen labaran Kirista yawanci a Amurka suke. Akwai Zondervan da Thomas Nelson, dukansu a ƙarƙashin HarperCollins, na farkon tun 1988 na biyun tun 2012, akwai Bethany House da Baker Publishing Group ya saya a 2003, akwai Tyndale House da Kenneth Taylor ya kafa a 1962. Galibin irin waɗannan basa karɓar rubutu kai tsaye daga hannun marubuci, sai ta hannun ejan, wato wakilin da zai tallata musu littafinka ya kuma yi ciniki a madadinka. Kamashon ejan kashi 15 cikin ɗari ne na abun da ka samu, kuma sai an sayar da littafin yake ci, duk ejan da ya ce ka fara biya kafin ya karanta ka kama gabanka. Abun da zaka tura masa: wasiƙa shafi ɗaya mai faɗin waye jarumin, me yake so, me ya tare masa hanya, da yawan kalmomi da irin labarin, sai taƙaitaccen labarin har da ƙarshensa, eh har da ƙarshen kar ka ɓoye, sai babi uku na farko ko yadda ya nema. Ka bi ƙa'idar kowane ɗaya yadda ya rubuta ta. Kar ka rubuta masa cewa Ubangiji ya nuna maka shi ne zai wakilce ka, sun gaji da jin wannan.

Akwai ƙofofin da basu kai haka tsauri ba. Love Inspired na kamfanin Harlequin, masu labaran soyayya na Kirista, suna karɓa ba tare da ejan ba, ƙananan kamfanoni da yawa ma haka. Ƙungiyar American Christian Fiction Writers tana da gasa mai suna Genesis ta waɗanda basu taɓa wallafawa ba, ko baka ci ba zaka samu ra'ayin alƙalan. Amma ka shirya jin "a'a" da yawa, da shiru wanda ya fi a'a ciwo, kuma ko an ɗauka daga sa hannu zuwa fitowar littafi shekara ɗaya zuwa biyu ce. A yarjejeniyar ka duba abu uku da kyau: kasonka daga farashin da ke jikin bango ake lissafawa ko daga abun da ya shigo hannun kamfani bayan ragi, dan gidajen Kirista da yawa na biyun suke bi, sai waɗanne haƙƙoƙi ka miƙa, fassara da sauti da fim, sai kuma yaushe haƙƙin zai dawo hannunka in littafin ya daina tafiya.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai wani rami da ya yi kama da hanya, kuma ni kaina na faɗa. Wani kamfani ya turo min saƙo cike da ayoyi, wai sun yi addu'a a kan rubutuna sun ga shafewar Ruhu a kai, kwana biyu kacal da tura musu littafi mai shafi ɗari uku, ni kuma daɗi ya rufe min ido ban tambayi kaina yaushe suka karanta ba. Sai ga maganar "gudummawa" ta bugu, na biya, sai ta talla, na ƙara. Abun da na samu kwali biyu na littafi da kurakuraina yadda na tura su, ko waƙafi ba a taɓa ba, sai da na yi kusan shekara ina fama kafin na karɓo haƙƙina. Kamfanin da kai ne kake biyansa, kai ne kasuwarsa, ba masu karatu ba, ko da ya saka kurciya da gicciye a tambarinsa.

Hanya ta biyu ka wallafa da kanka. Ba abun kunya bane, amma ka sani kai ne kamfanin yanzu, kuma maganar Luka 14:28 ta mai gina hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna ta hau kanka. Kuɗinka ya tafi wuri biyu kafin komai, edita da bango, dan mutane da bango suke fara yanke hukunci, ka kalli littattafai ashirin irin naka ka ga yadda bangonsu yake kafin ka ba mai zane aiki. A Kindle Direct Publishing na Amazon ɗora littafi kyauta ne, a na karantawa a waya kasonka kashi 35 ko 70 ne gwargwadon farashin da ka saka, na takarda kuma sai an saya ake bugawa, ba sai ka tara kwalaye a ɗaki ba. Tsarinsu na KDP Select, in ka zaɓi shiga, yana ɗaure ka kwana 90 bazaka sayar da na wayar a wani wuri ba, ka yi tunani kafin ka danna. Ba kowane harshe suke karɓa ba kuma, in ba da Turanci ka rubuta ba ka duba jerin harsunansu tun da wuri. IngramSpark na taimakawa in kana so shagunan littattafai su iya yin oda, Draft2Digital kuma yana raba na waya zuwa kasuwanni da yawa lokaci ɗaya. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi a kasuwa, mai lamba 13 tun 2007, kowace ƙasa da hukumar da ke bayarwa, a Amurka Bowker, a Ingila Nielsen, a ƙasashe da yawa babban ɗakin karatu na ƙasa. Amazon na bada ta kyauta amma a wajensu kawai take aiki, kuma na takarda da na waya basa amfani da lamba ɗaya.

Wani abun da mu Kirista muke mantawa, fassarorin Littafi Mai Tsarki na zamani suna da haƙƙin mallaka. Maganar ta Allah ce amma aikin fassarar yana da masu shi. Fassarar Turanci ta NIV misali ta ƙungiyar Biblica ce, sun yarda ka ɗauko har aya 500 ba sai ka nemi izini a rubuce ba, muddin ba littafi guda cikakke na cikin Littafi Mai Tsarki ka kwashe ba kuma ayoyin basu kai kashi 25 na littafinka ba, sannan ka saka sanarwarsu a shafin haƙƙin mallaka. Kowace fassara da ƙa'idarta, har na Hausa, yawanci tana rubuce a shafukan farko. Waƙoƙin yabo na zamani sun fi tsauri, ko layi ɗaya ne sai da izini, gara ka ambaci sunan waƙar kawai ka ce jama'a sun rera, ko ka rubuta taka. Naka haƙƙin kuma ya tabbata tun ranar da ka rubuta labarin a duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar Berne, rajista ƙarin hujja ce.

Talla kuwa ko wace hanya ka bi yana kanka, ka fara tara imel na masu son karatunka tun kafin littafin ya fito, ka ba mutum goma sha biyar ko ashirin kwafi da wuri su karanta su rubuta ra'ayinsu na gaskiya ranar fitowa. 'Yan cocinku zasu saya dan ƙauna, Allah ya saka musu, amma da yawa bazasu buɗe ba, kar ka auna littafin da su.

Kafin ka amince a fara sayarwa ka yi odar kwafin gwaji guda ɗaya na takarda, ka zauna da jan biro ka karanta shi da ƙarfi daga bango zuwa bango, har lambobin shafi da sunanka a gadon bayan littafin. A nawa na biyu a shafi na 4 na tarar na rubuta sunan matata ba daidai ba, a wajen sadaukarwa.