Yadda Ake Zaga Tsohon Birnin Meziko da Ƙafa

Abu na farko da ya kamata mai ziyara ya sa a ransa kafin ya ɗaura takalmi shi ne cewa ƙasar da zai taka a tsakiyar birnin Meziko a da tafki ce. A kan wani tsibiri cikin tafkin Texcoco Aztekawa, waɗanda ke kiran kansu Meshika, suka kafa Tenochtitlan a shekarar 1325 bisa lissafin da aka gada, kuma a kan kangon wannan birni Sifaniyawa suka ɗora nasu bayan sun ci shi da yaƙi ranar 13 ga Agusta, 1521. Ba su koma gefe sun yi sabon gari ba. Sun rushe haikali sun gina coci da duwatsunsa, sun mai da fadar sarki fadar gwamna, suka kuma bar manyan hanyoyin inda suke. Saboda haka dabarar wannan yawo ita ce mutum ya riƙa duban ƙasa da gindin bango kamar yadda yake ɗaga kai ya dubi hasumiya, domin tsohon birnin yana leƙowa ne daga ƙarƙashin sabon.

Shirin ba shi da yawa, amma yana da muhimmanci. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,240 daga teku, don haka baƙo yakan ji numfashinsa yana sarƙewa a ranar farko; gara ka ba jikinka kwana ɗaya kafin doguwar tafiya, ka kuma riƙe ruwan roba a hannu, ban da na famfo. Kada ka zaɓi Litinin, domin yawancin gidajen tarihi a rufe suke a ranar. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma ruwan ya fi sauka da la'asar, wanda hakan ya sa fita da sassafe ta fi riba. Ka sa takalmi mai faɗin ƙasa, ka riƙe fasfo ko wata shaida, ka kuma ajiye waya da kuɗi a aljihun gaba, domin 'yan sane ba sa rasa aiki a cikin cunkoso.

Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 2 ka sauka a tashar Zócalo/Tenochtitlan. Da ka hau matakala za ka tsinci kanka a babban dandalin da kowa ke kira Zócalo, ko da yake sunansa a hukumance Plaza de la Constitución. Ma'anar kalmar Zócalo ita ce dakalin da ake ɗora gini a kai: a 1843 an shirya kafa wata hasumiyar tunawa da 'yancin kai, aka gina dakalin, aikin ya tsaya, jama'a suka laƙaba wa wurin sunan abin da aka bari. Ka tsaya kusa da sandar babbar tuta ka daidaita gabas da yamma. Babbar majami'ar Katolika tana arewa, Fadar Ƙasa tana gabas, titin Madero yana yamma, kangon babban haikalin kuwa yana lungun arewa maso gabas. A kan tutar akwai gaggafa a kan wata ƙaya tana cin maciji, alamar da Meshika suka ce ita ta nuna musu inda za su zauna.

Yawancin baƙi majami'a suke fara shiga saboda ita ta fi cika ido. A ganina kuskure ne. Ka fara da haikalin, wato Templo Mayor, tun rana ba ta yi zafi ba, domin wanda ya fara ganin abin da aka binne shi zai gane abin da aka ɗora a kansa. Ɗaruruwan shekaru gidaje ne a kan wurin, har zuwa Fabrairun 1978, lokacin da ma'aikatan lantarki da ke haƙa rami suka ci karo da wani faffaɗan dutse zagayayye da faɗinsa ya haura mita uku, an sassaƙa siffar Coyolxauhqui, abar bautar Aztekawa ta wata, a kansa, gaɓoɓinta a yayyanke. Wannan ya sa aka rushe gidajen da ke wurin, aka fara haƙa ƙarƙashin jagorancin masanin haƙar kayan tarihi Eduardo Matos Moctezuma, sannan aka buɗe gidan tarihin da ke gefe a 1987.

Ana bin kangon ne ta wata siririyar hanya da aka shimfiɗa a kansa, kuma wanda bai san abin da yake nema ba zai ga tarin duwatsu kawai. Ka lura da matakalai da ke jere, ɗaya a bayan ɗaya, da tazara a tsakaninsu. Dalilin haka shi ne duk lokacin da aka so faɗaɗa haikalin ba a rushe na da, sai a lulluɓe shi da sabon gini, kamar ɓawon albasa, har matakai bakwai. Sifaniyawa sun aske na waje, na ciki kuwa ya tsira saboda ya riga ya nutse. A can tsakiya, ƙarƙashin rufin da aka yi don kariya, za ka ga ragowar ɗakuna biyu na mataki na biyu: na kudu na Huitzilopochtli ne, abin bautarsu na yaƙi da rana, na arewa kuma na Tlaloc, na ruwan sama, kuma a gabansa akwai gunkin mutum a kishingiɗe riƙe da kwano a cikinsa, fentinsa bai gama gogewa ba. Ka kuma nemi wata magudanar bulo da ta ratsa kangon ta tsaga shi. A 1900 aka gina ta, kuma maginan sun fasa haikalin suka wuce ba tare da an tsaya an gane girman abin da aka fasa ba.

Ka ware wa gidan tarihin aƙalla sa'a ɗaya da rabi. A nan dutsen Coyolxauhqui yake, tare da wani da ya fi shi girma, na Tlaltecuhtli, abin bautarsu na ƙasa, wanda aka tono a 2006, nauyinsa kusan tan 12. Sai dai ƙananan abubuwa sun fi bayani: katantanwar teku, murjani da ƙasusuwan kifi da aka kawo daga gaɓar tekuna biyu zuwa wannan tudu, shaidar nisan inda haraji da fatauci suka kai. Za ka kuma ga wuƙaƙen dutse da ƙoƙunan kai, domin ana yanka mutane a wannan haikali, kuma gidan tarihin bai ɓoye hakan ba.

Daga nan sai majami'ar. An aza harsashinta a 1573, ba a kammala ta ba sai 1813 a hannun magini Manuel Tolsá, shi ya sa salon gini ya bambanta daga ƙasa zuwa sama. Tun a farfajiya ka dubi ƙasa, inda aka sa gilashi a kan wasu ramuka da ke nuna tsofaffin gine-gine a ƙarƙashi. A ciki, ka taka a hankali daga ƙofa zuwa gaba, za ka ji daɓen yana gangara a ƙafarka. A tsakiyar ginin an rataye wani ƙarfe mai tsini da doguwar igiya, irin wanda magina ke gwada miƙewar bango da shi, kuma alamomin da ke ƙarƙashinsa suna nuna yadda ginin ya karkata cikin shekaru. Tushen matsalar laka ce. Birnin yana zuƙo ruwan shansa daga ƙarƙashin ƙasa, lakar tafkin tana matsewa, kuma ɓangaren da ya hau kan tsohon ginin Aztek ba ya nutsewa daidai da wanda ya hau laka zalla. A shekarun 1990 injiniyoyi sun rage karkatar ta hanyar kwashe ƙasa daga ƙarƙashin ɓangarorin da suka fi tsayi, domin su sauko su riski sauran. Wurin ibada ne, don haka a cire hula, a rage murya, kuma ba a yawo lokacin da ake addu'a.

Da ka fito, ka dubi ƙaramar cocin Sagrario da ke manne da ita. Jan dutsen da ke jikinta, mai ƙananan ramuka kamar soso, shi ne tezontle, dutsen aman wuta marar nauyi wanda Aztekawa suka yi gini da shi, Sifaniyawa kuma suka gaje shi. Da zarar idonka ya saba da shi za ka riƙa ganinsa a kowane titi. Fadar Ƙasa ma da shi aka yi fuskarta, a wurin da gidajen Moctezuma, sarkin Aztekawa, suke a da. A cikinta akwai zanen bangon da mai zane Diego Rivera ya yi a kan matakala tsakanin 1929 da 1935, amma da yake shugaban ƙasa na zaune a fadar, ƙa'idar shiga takan sauya, don haka ka bincika tun kafin ranar, kada ka ɗora tafiyarka a kanta.

Akwai wani ɗan ratse da mutane da yawa ke tsallakewa, alhali ya cancanci rabin sa'a. Ka bi titin Pino Suárez zuwa kudu, wanda shi ne tsohuwar hanyar da Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniyawa, ya biyo ya shigo birnin a Nuwamban 1519. A kusurwar gidan da yanzu yake Museo de la Ciudad de México, ka sunkuya ka dubi gindin bango: kan maciji ne na dutse, sassaƙar Aztekawa, haƙoransa a waje, an sa shi ya zama dutsen kusurwar gidan wani attajirin zamanin mulkin mallaka, masu wucewa suna gogarsa da jakunkunansu. A tsallaken titin akwai asibitin Jesús da Cortés ya kafa, wanda har yau yake aiki, kuma a cocin da ke jikinsa ƙasusuwansa suke, bayan wani ɗan allo da ba kowa ke lura da shi ba.

Idan yunwa ta taso, Musulmi ya yi hattara. Naman da ake gasawa a tsaye kamar shawarma, wanda ake kira al pastor, na alade ne, haka ma carnitas, kuma sau da yawa akan dafa wake da tamales (wani dafaffen ƙullin masara) da kitsen alade, wanda sunansa manteca. Kalmomin cerdo da puerco duk alade suke nufi, sin kuma na nufin ban da. Kifi, ƙwai da 'ya'yan itace sun fi sauƙin tantancewa. Jan abin shan da ake kira agua de jamaica kuwa zoɓo ne, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta.

Bayan cin abinci ka nufi arewa ta titin República de Brasil zuwa dandalin Santo Domingo. A ƙarƙashin rumfunan da ke gefe har yanzu akwai masu buga takardu da ragowar marubuta wasiƙa, waɗanda ake kira evangelistas, masu rubuta wa wanda bai iya ba, kamar yadda aka san irinsu a bakin kotu da gidan waya. Ginin da ke kusurwa mai yankakkiyar fuska shi ne tsohuwar kotun binciken aƙida ta cocin Katolika, wanda aka kammala a 1736, yanzu kuma gidan tarihin likitanci ne. Daga nan ka gangara titin Tacuba, wanda ya hau kan tsohuwar hanyar da ta ratsa tafkin zuwa yamma. Ta nan Sifaniyawa suka gudu a daren 30 ga Yuni, 1520, da yawansu suka nutse da zinariyar da suka ɗauko.

Titin Madero, wanda aka hana motoci shiga tun 2010, bai kai kilomita ɗaya ba, kuma cunkosonsa ya fi tarihinsa yawa, don haka ka wuce shi da ɗan sauri. Wurare biyu ne suka cancanci tsayawa: Casa de los Azulejos, gidan da aka lulluɓe da tayil shuɗi da fari na Puebla, da cocin San Francisco da ke fuskantarsa, wadda sai an sauka matakala ake shiga harabarta saboda ta yi ƙasa da titi. A ƙarshen titin ka hau Torre Latinoamericana, benen da aka kammala a 1956 wanda ya tsira daga girgizar ƙasa ta 1957 da ta 1985. Daga samansa, idan hazo bai yi yawa ba, za ka ga duwatsun da suka kewaye kwarin, ka kuma gane shimfiɗar da ruwa ya taɓa cikawa.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba ya ƙarasa Tlatelolco, kimanin kilomita biyu arewa da Zócalo, amma ya fi kyau ya hau mota ko jirgin layi na 3 maimakon ratsa unguwannin da bai sani ba, kuma ya isa da sauran rana. A nan babbar kasuwar Aztekawa take, kuma a nan Cuauhtémoc, sarkinsu na ƙarshe, ya yi tsayuwar ƙarshe kafin a kama shi. Dandalin da ake kira Plaza de las Tres Culturas ya haɗa kangon haikali, da cocin Santiago da aka gina da duwatsunsa, da dogayen gidajen kwana na shekarun 1960. A gefe guda akwai wani dogon allon dutse mai ɗauke da sunayen wasu daga cikin waɗanda aka kashe a wurin ranar 2 ga Oktoba, 1968, lokacin da sojoji suka buɗe wa taron ɗalibai wuta. Dutsen Rana, babban sassaƙaƙƙen dutsen Aztekawa zagayayye da ake gani a hotuna, wanda aka tono a Zócalo a 1790, ba ya cikin wannan zagaye. Yana gidan tarihin Museo Nacional de Antropología da ke Chapultepec, kuma wannan gida yana bukatar yini guda nasa na kansa.