Yadda za ka zaɓa tsakanin CMS da firamwak kafin ka gina shafin intanet

CMS manhaja ce da aka riga aka gama haɗa ta don wallafa rubutu da hotuna a intanet: ka girka ta, ka shiga da kalmar sirri, ka fara rubutu. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, shi ya fi shahara, akwai kuma Drupal da Joomla. Firamwak kuwa kayan aiki ne na mai rubuta manhaja, irin su Django, Laravel da Ruby on Rails. Kusan ba ya ba ka shafi sai abin da ka rubuta da hannunka. Ga yadda nake bi idan aka kawo mini aiki.

Mataki na 1: Rubuta abin da shafin zai yi, da aikatau

Ɗauki takarda ka jera ayyukan. Idan abin da ya fito shi ne a wallafa labari, a sa hoto, a gyara shafin "Game da mu", to CMS ce taka, ba sai an ja magana ba. Idan kuwa ka ga kana rubuta a lissafa, a tantance, a hana wane ganin bayanin wane, to ka fara leƙa ɓangaren firamwak.

Mataki na 2: Duba siffar bayananka

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan aka fi yin kuskure. A wurin WordPress kusan komai rubutu ne mai take da jiki da ranar wallafawa. Ana iya ƙara masa wasu nau'o'i da gurabe, amma asalinsa ke nan. Yanzu ɗauki shafin da marasa lafiya za su riƙa neman lokacin ganin likita. Likita yana da ranakun aiki, kowace rana tana da gurabe, gurbi ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma idan mutum biyu suka danna gurbin ƙarfe goma a daƙiƙa guda, dole ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Wannan alaƙa ce tsakanin teburori (jadawalin da ake jera bayanai a ciki) a rumbun bayanai, ba labari ba ne. A Django ko Laravel kai za ka zana teburorin da dokokinsu yadda kake so. A CMS kuwa sai ka yi ta lanƙwasa ta har ta yi abin da ba don shi aka ƙera ta ba.

Gwaji mai sauƙi: zana akwatunan bayananka, ka ja layi tsakanin masu alaƙa. Layukan suka yi yawa har suna gittawa juna, firamwak ya fi.

Mataki na 3: Wa zai riƙa taɓa shafin kullum?

Idan marubuta ne da editoci da ba ruwansu da kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, suna bukatar wurin rubutu, adana daftari, tsara ranar da labari zai fita, da ɗakin ajiye hotuna. CMS ta zo da duk wannan. Django yana da shafin gudanarwa da yake samar da kansa, kuma ba abin mamaki ba ne, don a ofishin wata jarida da ke Lawrence a jihar Kansas ta Amurka aka haife shi kafin a sake shi ga jama'a a 2005. Duk da haka, shafin nan ya fi dacewa da ma'aikatan ciki da suka san abin da suke yi.

Mataki na 4: Ƙirga fulogin

Kowane abin da CMS ba ta yi da kanta, fulogin za a ɗora mata, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara mata wani aiki. Kantin sayar da kaya a WordPress, misali, WooCommerce ne ke ɗaukarsa, kuma yana aikinsa. Matsalar tana farawa ne idan babban aikin shafin ya rataya a kan fulogin biyar na mutane biyar da ba su san juna ba. Na taɓa gadon irin wannan shafi. Aka sabunta guda, fom ɗin rajista ya mutu, muka kwana biyu muna kashe su ɗaya bayan ɗaya kafin mu gano mai laifin, wanda mai shi ya daɗe da daina kula da shi. Tun daga ranar nake duba yaushe aka yi wa fulogin sabuntawa ta ƙarshe kafin in girka shi.

Mataki na 5: Tambayi wa zai riƙe shi bayan shekara uku

Shafin firamwak ba ya tafiya sai da mai rubuta manhaja. Ya tafi, sai an nemo wani da ya iya harshen rubuta manhaja irin Python ko PHP ya zauna ya karanta kod ɗinsa. CMS ma ba a barin ta haka nan: Drupal 7 ya daina samun gyaran tsaro na hukuma a Janairun 2025, masu shi da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa sabon Drupal ko wata CMS, wadda kusan sabon gini ce.

Mataki na 6: Idan bukatar ta rabu biyu

Ba dole ne ka ɗauki ɗaya ka yar da ɗaya ba. Wagtail CMS ce da aka gina a kan Django, editoci su sami wurin rubutunsu, kai kuma ka rubuta sauran da Python a gefe. Ko ka bar WordPress ya riƙe labarai, manhajarka ta riƙa janyo su ta API ɗinsa, wato ƙofar da wata manhaja ke karɓar bayanai daga gare shi.

Kafin ka yanke hukunci, ware yini ɗaya ka gwada gina abu mafi wuya a jerin nan naka a cikin CMS. Idan ya tashi ba tare da ka taɓa ainihin fayilolinta ba, ci gaba da ita. Idan magariba ta yi kana kan neman fulogin na huɗu, buɗe firamwak.