Yadda na samo wa gidana sabuwar inshora a Kaliforniya

Wasiƙa ce ta iske ni: kamfanin da ke yi wa gidana inshora ba zai sabunta yarjejeniyarmu ba, saboda unguwarmu tana kusa da inda gobarar daji ke tashi. Dokar jiharmu, Kaliforniya da ke Amurka, ta tilasta musu sanar da mutum kwana 75 kafin wa'adi ya cika. Hankalina ya tashi, domin in na zauna babu inshora, bankin da ya ba ni bashin gidan zai ɗora mini tasa mai tsada.

Na kira kamfanoni da kaina, duk suka ƙi. Sai na nemi dillali mai zaman kansa. Ya ce in share busasshiyar ciyawa da ƙirare kewaye da gida har ƙafa 100, kamar yadda doka ta tanada, in ɗauki hotuna. Na yi, har reshen da ya rufe rufin na sare.

Ƙarshe dai dillalin ya kai ni ga FAIR Plan, tsarin inshorar da jihar ta kafa a 1968 don waɗanda kamfanoni suka ƙi. Yana biyan asarar gobara da hayaƙi, amma ban da sata ko fashewar bututun ruwa. Don haka na ƙara wata inshorar ta cike gurbin, na aika wa banki takardun biyu mako guda kafin wa'adi.