Yadda za ka gano asalin kamfanin tagulla na gado daga zamanin Sarauniya Victoria ta Birtaniya

Da farko juya kayan, fitila ce ko mariƙin ƙofa, ka goge gindinsa ka duba. Tambari mai siffar daiman na nufin an yi rajistar zanen tsakanin 1842 da 1883. Lambar rajista mai harufan "Rd" kuwa daga 1884 ta fara. Da ita za ka samo sunan mai kamfanin a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, a Landan.

Sai ka bi sunan shekara-shekara cikin kundin adireshin 'yan kasuwa na Kelly, musamman na Birmingham, cibiyar tagulla a lokacin. Kada ka yi gaggawa a nan. Shekarar da aka ƙara 'ya'ya a sunan kamfanin, galibi sun shiga harkar ke nan.

Ƙidayar jama'a ta 1851 takan nuna yawan ma'aikatan maigida. Rabuwar abokan jari kuwa, duba London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya.